Ciwon marar da ake kira sanyi: yadda garkuwar jiki ke renon endometiriyosis

A Jos ba a rasa abin ɗora wa laifi idan mace ta ce mararta na ciwo. Gari ne mai sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwan randa ma sai an daure kafin a taɓa shi da asuba, saboda haka kalmar tana bakin kowa: sanyi ne ya shige ta. Daga Gangare zuwa Unguwar Rogo har Bukuru, hanyar da ake bi kusan ɗaya ce. A fara da jiƙon kanwa da gorar ruwan zafi, a je kemis a haɗo kafson kashe ƙwayoyin cuta, in abin ya ƙi a yi gwajin fitsari da na ruwan gaba a sake rubuto wani maganin. Akwai matan da lallai ƙwayar cuta ce ke damunsu, su kam maganin yana yi musu aiki. Amma akwai wasu masu yawa da za su shekara biyar, shida, har goma suna wannan zagaye, ciwon kuwa yana dawowa duk wata ba fashi. Uwa ta ce, "Yi haƙuri 'yar nan, in kin yi aure zai daina." A yi auren, ciwon ya ƙaru, a shiga neman haihuwa. Da yawa daga cikin waɗannan mata endometiriyosis ke damunsu, cutar da kumburinta na gaske ne amma kafson kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa tushenta.

A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa mai laushi da ke yin kauri kowane wata don tarbar ciki. In ciki bai shiga ba sai ta saɓule ta fita, shi ne jinin al'ada. Endometiriyosis shi ne nama mai kama da wannan shimfiɗa ya tsiro a wajen mahaifa: a kan ma'ajiyar ƙwai, a kan tantanin da ya lulluɓe cikin mara, a igiyoyin naman da ke riƙe mahaifa ta baya, a kwarmin da ke tsakanin mahaifa da dubura, wani lokaci a hanji ko mafitsara. Akan same shi a cibiya, har ta riƙa kumbura tana tsattsafo jini lokacin al'ada, da tabon tiyatar haihuwa, da cikin ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 10 da ke shekarun haihuwa na ɗauke da shi, kimanin mata miliyan 190. An daɗe ana koyar da likitoci cewa cutar matan Turawa ce, har sai da wani likitan mata a Amurka, Donald Chatman, ya nuna a 1976 cewa baƙaƙen mata da yawa da ake yi wa maganin ciwon sanyi ita ce ke damunsu. A Ibadan, wani bincike da aka wallafa a 2015 ya duba mata 239 da aka leƙa cikinsu da kyamara saboda matsalolin mata, aka sami tsiron a jikin 115. Wani binciken na 2011 da ya haɗa ƙasashe 10, har da Najeriya, ya gano cewa a matsakaici mace kan yi shekara 6.7 tsakanin fara ciwo da gano cutar.

Bayanin da aka fi dogara da shi kan asalin tsiron na wani likitan mata mai suna John Sampson ne, wanda ya wallafa shi a 1927. Ya ce ba duk jinin al'ada ke fita ta gaba ba; wani yana komawa baya ta bututun ƙwai ya zuba cikin mara, ɗauke da gutsattsarin shimfiɗar mahaifa masu rai. Akwai abin da ke mara masa baya: 'yan matan da aka haifa da toshewar hanyar fitar jini sun fi kamuwa da cutar. Yawan al'adar ma yana da tasiri. Binciken da aka yi a tsakanin ƙabilar Dogon ta Mali ya nuna macen da ke haihuwa akai-akai tana shayarwa mai tsawo ba ta wuce al'ada 100 da 'yan kai a rayuwarta, alhali macen birni ta yau tana kai wa 400. Amma a 1984 aka leƙa cikin mata lokacin al'ada, aka tarar da jini a marar kusan 9 cikin 10 na waɗanda bututunsu ke buɗe. Ashe kusan kowace mace jininta na komawa baya. To me ya sa ɗaya ce kawai cikin goma ke kamuwa? Gado na da nasa rabo, domin nazarin tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin daga gado yake. Sauran amsar tana wajen garkuwar jiki, wato abin da masu tsaron mara suka yi da gutsattsarin da suka faɗo musu.

Cikin mara ba busasshe ba ne. Akwai ɗan ruwa, daga mililita 5 zuwa 20, da ke hana hanji da mahaifa gogar juna, kuma cike yake da fararen ƙwayoyin jini. Mafi yawansu su ne makarofaj, manyan ƙwayoyi masu haɗiye duk abin da ya mutu ko ya ɓata hanya. Su ne masu sharar jiki. Tare da su akwai ƙwayoyin NK, makasa, waɗanda aikinsu shi ne su binciki kowace ƙwayar halitta, in sun ga tana inda bai dace ba ko ta canza kama su huda ta su zuba mata guba. A jikin yawancin mata aikin yana tafiya shiru: jini ya zubo, makasa su kashe masu rai, masu shara su kwashe gawa da jajayen ƙwayoyin jini, kafin wata ya zagayo an share wurin tas.

A mai endometiriyosis ma'aikatan suna nan, sun ma fi yawa, kuma a fusace suke. Sharar ce ba sa yi. Makarofaj yana kama abin da zai haɗiye ne da wasu maƙalai da ke jikinsa, ɗaya daga ciki ana kiransa CD36, kuma an ga wannan maƙali ya ragu a makarofaj ɗin marar masu cutar. Abin da ke danne shi wani sinadari ne mai suna furostagilandin E2, wanda tsiron da su makarofaj ɗin kansu ke zubarwa. A ɗaya ɓangaren kuma ƙwayoyin tsiron suna ɗaga wata alama mai suna CD47, wadda ma'anarta ga mai shara ita ce "ni ɗan gida ne, kada ka ci ni". Ƙwayoyin cutar daji (kansa) ma da irin wannan dabara suke tsira. Makasa su ma an sanyaya musu gwiwa. Tun 1991 masu bincike a Leuven ta ƙasar Beljiyam suka nuna cewa ƙwayoyin NK na mata masu cutar ba sa kashe ƙwayoyin shimfiɗar mahaifa yadda na sauran mata ke yi. Daga baya aka gano cewa maɓallan da ke tsayar da su sun ƙaru, kuma ruwan marar yana ɗauke da sinadarai irin su TGF-beta da IL-6 da ke kashe musu kaifi. Akwai kuma wasu fararen ƙwayoyin jini, daga dangin da ake kira ƙwayoyin T, da aikinsu sulhu ne, su hana garkuwa wuce gona da iri. Su ma sukan taru a wurin su ce a bar baƙon.

Wannan duk ba zai zama abin mamaki ba in an tuna wace irin nama ce shimfiɗar mahaifa. Allah ya yi ta da baiwa biyu da ba kasafai ake samu a wani sashen jiki ba. Ta farko, ta iya lallashin garkuwar jiki, domin ita ce ke karɓar ɗan tayi wanda rabinsa na uba ne, baƙo ga jikin uwa, ta hana a kai masa hari wata tara. Ta biyu, duk wata tana yin rauni ta warke cikin kwanaki ba tare da tabo ba, kuma makarofaj ne ke taya ta wannan gyara. Idan gutsurenta ya faɗa cikin mara, da waɗannan baiwa biyu yake tafiya. Yana magana da masu tsaro da yaren da suka saba ji daga mahaifa, su kuma su amsa da aikin da suka saba: ga rauni, a zo a gyara. A ganinmu nan ne zuciyar cutar take. Garkuwar jiki ta ɗauki abin da ya kamata ta share a matsayin raunin da ya kamata ta yi jinya, kuma rauni ne da ba zai taɓa warkewa ba, tunda kowane wata sai ya sake ɓarkewa.

Jinyar tana da matakai. Da farko gutsuren yana manne wa tantanin ciki, abin da a ɗakin gwaji ake ganin yana faruwa cikin sa'o'i kaɗan. Sai ya saki wasu sinadarai masu narka nama, ya haƙa wa kansa mazauni. Amma duk naman da ya wuce kaurin milimita 2 ko makamancin haka ba zai rayu ba sai da jijiyoyin jini nasa, kuma a nan ne makarofaj ke yi masa babbar hidima: suna zubo VEGF da IL-8, waɗanda ke janyo sababbin jijiyoyin jini su tsiro zuwa cikinsa. Tsiron shi ma yana aika kira da sinadarai irin su MCP-1, ƙarin fararen ƙwayoyi su baro jini su shigo mara, su ma a mayar da su ma'aikatansa. A gwajin ɓeraye, da aka kawar da makarofaj sai tsiron ya kasa samun jijiyoyin jini ya tsumbure. Wanda ya taɓa kallon allon kyamara lokacin tiyata zai iya karanta wannan tarihi da idonsa. Sabon tsiro ja ne jawur kamar harshen wuta, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa garai-garai, kewaye da siraran jijiyoyin jini. Wanda ya kwana biyu baƙi ne mai shuɗi-shuɗi kamar ƙunar albarushi. Tsoho kuwa fari ne, ya tattare tantanin da ke kewaye da shi kamar bakin jakar da aka zuge.

Sai maganar istirojin, sinadarin mata da tsiron ke rayuwa a kansa. Ba ya jiran na ma'ajiyar ƙwai kaɗai, yana haɗa nasa. Furostagilandin E2 yana kunna wani sinadari mai suna aromatas a cikin tsiron, aromatas ya samar da istirojin, istirojin kuma ya kunna COX-2, wanda shi ne ke ƙera furostagilandin. Kowanne na hura wa ɗan'uwansa wuta. A lafiyayyar mahaifa furojestaron, ɗaya sinadarin na mata, shi ne ke yayyafa wa wannan wuta ruwa a rabin wata na biyu, ya rage kumburi ya kuma sa a raunana istirojin. A cikin tsiron kuwa maƙalan da ke jin furojestaron sun ragu, kumburin ma yana ƙara toshe su. Wannan taurin kunne shi ne dalilin da ya sa wasu mata ba sa samun sauƙi da magungunan furojestin, masu kwaikwayon aikin furojestaron, ko da sun sha su daidai.

Jinin da ke zuba a wurin da ba shi da mafita yana barin sinadarin ƙarfe. Makarofaj su haɗiye shi har su cika su gaza, ragowar ya riƙa haifar da sinadarai masu ƙona ƙwayoyin halitta, irin aikin tsatsa. An fi ganin haka a ma'ajiyar ƙwai, inda tsohon jini ke taruwa ya zama ƙunshi. In an fasa shi a tiyata abin da ke fitowa ruwa ne mai kauri, ruwan ƙasa mai duhu kamar narkakken cakulan, shi ya sa ake kiransa ƙunshin cakulan. Lafiyayyen naman da ke jikin bangonsa, inda ƙananan ƙwayaye ke kwance, yana shan wannan guba a hankali.

Ciwon kansa ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan aka fi zaluntar mata. Likitoci sun kasa cutar mataki 4 gwargwadon yawan tsiro da mannewa, amma matakin ba ya faɗin zafin ciwo. Mace mai ɗigo uku a mataki na 1 tana iya suma duk wata, wata mai mataki na 4 kuma sai wajen neman haihuwa za a gano ta. Dalili shi ne ciwon yana bin jijiyoyin ji ne, kuma su ma garkuwar jiki ce ke janyo su. Makarofaj da tsiron suna sakin sinadaran da ke sa jijiyoyin ji su tsiro zuwa cikin wurin, irin su NGF, kuma masu bincike a Edinbara sun nuna a 2019 cewa IGF-1 da makarofaj ke fitarwa yana ƙara musu tsiro da saurin jin zafi. Jijiyoyin su ma suna mayar da saƙo da ke ƙara karkata makarofaj zuwa renon tsiron. Gefensu kuma ga ƙwayoyin mast, waɗanda aka fi sani a borin jini, suna fashewa suna zuba histamin. Jijiyar da ta shekara tana jiƙe a cikin furostagilandin da sinadaran kumburi irin su TNF da IL-1 takan koma mai firgita: motsin hanji, cikar mafitsara, saduwa, duk su zama ciwo. In an daɗe a haka, laka da ƙwaƙwalwa su ma sukan koyi ƙara wa saƙon ƙarfi, naman ƙasan mara ya ɗaure tamau. Daga nan ciwon ya daina jiran al'ada, kuma ko an cire tsiron wani sashe nasa yana iya saura. Saboda haka jinkirin shekara shida ko bakwai ba zaman jira kawai ba ne. A cikinsa ne jijiyoyi ke canzawa. Yarinyar da ke kwana a duƙe a ɗakin kwanan makaranta, ta danna gorar ruwan zafi a mara har fatar wurin ta yi dabbare-dabbare, ba raki take yi ba.

Ƙarshen kowace jinyar rauni tabo ne. TGF-beta, wanda makarofaj da ƙwayoyin daskarar da jini ke zubarwa, yana mayar da ƙwayoyin wurin masu saƙa zaren tabo. Zaren ya manne ma'ajiyar ƙwai da bangon mara, ya manne dubura da bayan mahaifa, ya lanƙwasa bututun ƙwai. Tsiron da ya nutse fiye da milimita 5 ƙarƙashin tantani ana kiransa mai zurfi, kuma yawancinsa tabo ne mai tauri kamar guringuntsi. Yana iya shaƙe bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda ba tare da wata alama ba har ƙodar ta lalace, shi ya sa ake duba ƙoda a sikanin duk wadda ake zargin tana da irin wannan. Magani yana kwantar da kumburi amma ba ya narkar da tabo.

Ta fuskar haihuwa, kimanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na masu cutar suna samun jinkiri, wanda ke nufin da yawa suna haihuwa lafiya. Toshewa da mannewa sashe ne kawai na matsalar. Bakin bututun ƙwai a buɗe yake cikin ruwan mara, kuma ƙwai da maniyyi a cikin bututun suke haɗuwa. Makarofaj da suka kasa cin tsiron suna iya cin maniyyi, sinadaran kumburi suna rage masa gudu, suna taɓa ingancin ƙwai, taurin kunne ga furojestaron kuma yana iya shafar shimfiɗar da ke cikin mahaifar kanta.

Da jin an ambaci garkuwar jiki, mutane kan tambayi maganin ƙara garkuwa, kuma masu tallan haɗe-haɗe a Facebook da WhatsApp sun san da haka. Wannan kuskuren fahimta ne mai cin kuɗi. Mai endometiriyosis garkuwarta ba ta yi rauni irin na mai cutar ƙanjamau ba. Wani sashe ya yi sanyi, wani ya yi zafi fiye da kima, duk a wuri ɗaya. Me za a ƙara? Haka nan ba a lissafa cutar cikin cututtukan da garkuwa ke yaƙar jiki kai tsaye, ko da yake masu ita sun ɗan fi sauran mata samun irin waɗannan cututtuka, kamar lufus da amosanin gaɓɓai na rumatoyid, abin da ya sa ya dace likita ya saurari ƙorafin ciwon gaɓɓai ko ƙurajen fuska da kyau. Danne garkuwar ma an gwada. A 2008 aka ba mata masu tsiro mai zurfi infiliksimab, maganin da ke toshe TNF, bai fi allurar ruwa rage ciwo ba. Wani bincike na 2021 a ɓeraye ya nuna inda gizo ke saƙar: makarofaj ɗin da suka taho tare da gutsuren daga mahaifa suna ciyar da tsiron, wasu da ke zuwa daga jini kuma suna hana shi kafuwa. Kashe su duka zai tafi da mai kyau da marar kyau. Ɓera kuma ba ya al'ada, dasa masa tsiron ake yi, shi ya sa gwaje-gwajen da aka yi a kan birai a Nairobi suke da daraja, domin su suna al'ada kuma cutar na kama su da kanta. A 2023 wani maganin da ke toshe IL-8 ya rage tsiro da tabo a birai a Japan, amma bai zama maganin asibiti ba tukuna.

A shekarar ce kuma masu bincike a Nagoya suka ba da rahoton samun wata ƙwayar cuta mai suna Fusobakteriyam a mahaifar kashi 64 cikin 100 na masu cutar da suka duba, ƙasa da kashi 10 a sauran, kuma maganin kashe ta ya rage tsiro a ɓeraye. Bincike ne mai muhimmanci, amma muna jan kunne sosai a nan: matanmu sun riga sun sha waɗannan magunguna fiye da kima, kuma ba a tabbatar da cewa suna warkar da cutar a jikin mutum ba. Maimaita su yana kashe ƙwayoyin kirki na gaba da na hanji, ya jawo ƙaiƙayi da farin ruwa, a sake cewa ai ga sanyin nan. An bar jaki ana dukan taiki.

Bambance su ba ya buƙatar na'ura a matakin farko, kalanda yake buƙata. Ciwon sanyi na gaske yakan zo da zazzaɓi ko ruwa mai wari, ba ya bin wata, kuma yana lafawa in an kammala maganin kwana 14 aka yi wa maigida nasa. Endometiriyosis yana bin al'ada: ciwon ya fara kwana ɗaya ko biyu kafin jini, ya hana makaranta ko kasuwa, a ji zafi can ciki lokacin saduwa, bahaya ko fitsari su yi zafi ko su zo da jini a kwanakin al'ada, wani lokaci kafaɗar dama ta riƙa ciwo duk wata. Mace ta rubuta wannan na wata 3, ranar da ciwo ya fara, ranar jini, ƙarfinsa daga 1 zuwa 10, maganin da ta sha, ta kai wa likitan mata, irin waɗanda ake samu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo da sauran manyan asibitoci. Sikanin ta gaba a hannun ƙwararre yana ganin ƙunshin cakulan da yawancin tsiro mai zurfi, amma ba ya ganin na saman tantani. Takardar da ta ce komai lafiya ba ta kore cutar ba. Gwajin jini na CA-125 ma ba abin dogaro ba ne. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai na 2022 sun yarda a fara magani bisa alamomi, ba sai an yi tiyatar kyamara ba.

Magungunan da ake da su duk suna sare ɗaya daga cikin igiyoyin da aka bayyana. Ibufurofen miligiram 400 ko mefenamik miligiram 500, sau 3 a rana bayan abinci, suna toshe COX ne su hana ƙera furostagilandin. Ba sa kwashe wanda aka riga aka ƙera, saboda haka wadda ta jira sai ciwo ya kayar da ita ta makara. A fara kwana ɗaya kafin ranar da ake sa ran jini. Mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko asma sai da izinin likita, kuma ba a haɗa biyu daga wannan dangi. Tiramadol da allurar fentazosin ba sa taɓa kumburin, suna kuma kama mutum. Sai magungunan da ke tsayar da al'ada don raunin ya daina sabuntuwa: ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu a sha ba hutu, in babu hawan jini, tarihin gudan jini ko ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido, diyenojest miligiram 2 kullum, allurar wata uku ta miligiram 150, wadda ke iya jinkirta dawowar haihuwa har kusan shekara, ko robar mahaifa mai lebonojestirel miligiram 52. Ɗigon jini a watannin farko abu ne da aka saba gani, kuma ana ba magani wata 3 zuwa 6 kafin a yanke masa hukunci. Budurwa da aka rubuta wa irin wannan jinya ake mata, kuma ya kamata a zaunar da iyaye a yi musu bayani. Allurai irin su gosarelin miligiram 3.6 duk kwana 28 suna kashe istirojin gaba ɗaya, amma suna cin ƙashi, don haka ba a wuce wata 6 sai an haɗa da ɗan sinadarin da zai kare ƙashin.

Ciki da shayarwa sukan kwantar da ciwon na wani lokaci saboda yawan furojestaron da tsayawar al'ada, daga nan ne maganar "in kin haihu zai daina" ta samo asali, amma yakan dawo, kuma ƙa'idojin 2022 sun hana a ba mace shawarar ɗaukar ciki a matsayin magani. Tiyatar kyamara tana cire tsiro ta warware mannewa, sai dai ba ta canza ruwan marar da ya reni na farko. Ciwon na dawowa ga kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 a shekara 5. Shi ya sa wadda ba ta neman ciki nan take ake so ta ci gaba da maganin tsayar da al'ada aƙalla wata 18 zuwa 24 bayan aiki. Wadda ke neman haihuwa kuwa lissafinta daban ne. Magungunan nan ba sa ƙara damar samun ciki, suna hana shi ne muddin ana shan su. Kowane ɓare ƙunshin cakulan kuma yana tafiya da wani sashe na lafiyayyen naman ƙwai, garin gyaran gira a rasa ido, musamman in ɓangare biyu ne ko aiki na biyu. Kafin a shiga ɗakin tiyata a auna AMH don sanin yawan ƙwan da ya rage, a duba bututu, a gwada maniyyin maigida, sannan a zauna da likita a zaɓa tsakanin tiyata da dashen ƙwai gwargwadon shekarunta.